Darasi na Shida: Atisaye, Hutu da Harkokin Yau da Kullum

Wannan darasi na mai gudu ne, ko mai buga ƙwallo, ko mai tuƙa keke don sha'awa, wanda ba biyansa ake yi ba. Yana da sana'a, yana da iyali, kuma da jiki ɗaya zai ɗauki nauyin duka.

Mu fara da lissafi. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Idan mai tsanani ne, minti 75 zuwa 150 ya isa. Ta kuma ce a yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Raba 150 gida 5, za ka samu 30. Minti 30 ke nan a rana, kwana 5 a mako.

Yaya za ka bambance matsakaici da mai tsanani? Ka gwada yin magana kana cikin tafiya. In kana iya hira amma ba ka iya rera waƙa, matsakaici kake yi. In kalma biyu ko uku kawai ke fita kafin haki ya tare ka, ka shiga mai tsanani. Yawancin ranakunka su zama na hira. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi gudun kilomita 42 cikin ƙasa da awa 2 a Ostiriya a 2019, shi ma mafi yawan atisayensa ba da iyakar ƙarfinsa yake yi ba. Ga shi kuwa gudun ne abincinsa, balle kai da za ka wuce wurin aiki bayan ka yi wanka.

Masu sha'awa da yawa suna ɗaukar ranar hutu a matsayin lalaci, kuma a nan suke cutar kansu. Atisaye yana gajiyar da tsoka ne, har ya yi mata ƙananan raunuka da ido ba ya gani. Lokacin hutu da barci ne jiki ke gyara su, tsokar ta dawo da ƙarfi fiye da da. Shi ya sa baligi ke buƙatar barcin awa 7 ko fiye. Zuciya da huhu kuma suna saurin sabawa da wahala, amma jijiyoyi da ƙasusuwa sai a hankali. Mutum zai ji numfashinsa ya yi daidai, ya ninka nisan gudunsa cikin mako ɗaya, sai gwiwa ko diddige su kama ciwo. Ƙara kaɗan kaɗan, kuma kada ka jera ranaku biyu masu tsanani.

Ka sa wahalar rayuwa a cikin lissafin. Wanda ya wuni a tsaye, ko ya kwana yana jinyar yaro, ya riga ya kashe wani kaso na ƙarfinsa. Irin wannan rana ya rage, ko ya yi tattaki da iyalinsa kawai. Ba a rama atisayen da ya wuce kamar bashi.

Jiki magayi ne. Tsamin jiki bayan sabon atisaye ba abin tsoro ba ne, yakan fi tsanani bayan kwana 1 zuwa 3, sannan ya sake ka. Amma ciwon da ya tsaya wuri guda, ko ya sa ka ɗingishi, yana son hutu. Ciwon ƙirji, jiri ko suma kuwa, a tsaya nan take, a ga likita.

Akwai wata alamar da ake mantawa da ita. In ka fara jin fita atisaye kamar tilas, ga saurin fushi a gida, ga barci ya ƙi, to abin ya yi yawa. Ajiye agogo, canza hanya, nemi abokin da za ku tafi kuna taɗi.

Aikin yi: Da safe kafin ka sauko daga gado, ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ƙasan babban yatsa. Ƙirga bugun zuciyarka na daƙiƙa 30, ka ninka shi biyu. Yawancin manya suna samun 60 zuwa 100 a minti. Rubuta lambar kullum har mako guda, tare da awannin barcinka. Ranar da ta haura yadda ta saba sosai, ka sassauta atisaye. Kawo takardar zuwa aji na gaba mu karanta tare.