Shawara ga masu taya tsofaffin kuɗin Rumawa a gwanjo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kafin ka yi tayi, lissafa la'adar gidan gwanjo, domin yawanci sukan ɗora kusan kashi 20 cikin 100 a kan farashin da aka sallama, ban da kuɗin aikowa da na canji. Ka yanke iya abin da za ka biya tun kafin a fara, kada zafin gasa ya ja ka.

Sai nauyi. Dinarin azurfa na zamanin Sarkin Rumawa Agustus yakan kai wajen giram 3.9, Sarki Nero ya rage shi zuwa wajen 3.4 a shekarar 64 miladiyya. In nauyin wanda za ka taya ya gaza haka sosai, wataƙila tagulla ce aka yi wa rufin azurfa, kuma tun zamanin Rumawan ake wannan algus.

Abin da na fi damuwa da shi dai shi ne takardun asali, wato shaidar inda kuɗin ya fito da waɗanda suka mallake shi. Kuɗin zinare mai hoton Burutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe Yuliyas Kaisar, da aka sayar a Landan a 2020, an mayar da shi Girka a 2023 saboda tarihin mallakarsa na bogi ne.

Sabon shiga ya fara da ƙananan kuɗin tagulla na zamanin Sarki Kwanstantin, suna da yawa kuma da araha.