Dabarun Cin Wasan Kamfanonin Jirgin Ƙasa Idan Abokan Karawa Mutane Ne

Railroad Tycoon wasan kwamfuta ne da Sid Meier ya tsara, ya fito a 1990, sannan kashi na biyu ya biyo baya a 1998 daga kamfanin PopTop, na uku kuma a 2003. A cikinsa ana ba mutum jari ya kafa kamfanin jirgin ƙasa, ya shimfiɗa layin dogo, ya gina tashoshi, ya riƙa jigilar fasinjoji da wasiƙu da kaya. Bayanin nan ya fi karkata ga kashi na biyu, kuma an yi shi ne domin waɗanda ke haɗa kwamfutocinsu a ɗaki guda, ko a Barnawa ko a Tudun Wada, ko kuma ta intanet, su kara da junansu. Wanda ya saba doke kwamfuta yakan sha mamaki a ranar farko da ya zauna da mutane, domin ɗan Adam yana lura da rauninka, kuma ba ya jiranka ka gama tunani.

Kafin a fara, ku daidaita a kan abin da za a auna nasara da shi, ko dukiyar mai wasa ta ƙashin kansa ko ƙimar kamfaninsa, da shekarar da za a tsaya, da kuma ko an yarda wani ya haɗiye kamfanin wani. Ku kuma riƙa adana wasan a kai a kai saboda ɗaukewar wuta.

Layin farko shi ke yanke hukunci a kan shekarun farko gaba ɗaya. Ka nemi manyan garuruwa biyu da ba su yi nisa ainun da juna ba, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ka haɗa su ka fara da fasinjoji da wasiƙu, domin su ne ke kawo kuɗi nan take ba tare da jiran wata masana'anta ba. Ka guji tsauni da babbar gada a wannan mataki. Hawa yana rage gudun jirgi matuƙa, musamman tsofaffin kawunan jirgi masu aiki da tururi, kuma jinkiri yana rage kuɗin da kayan za su kawo. Sau da yawa layin da ya ɗan zagaya ya bi kwari ya fi wanda ya miƙe ya hau tudu riba. Ka gina babbar tasha a tsakiyar gari yadda za ta mamaye gidaje da masana'antu masu yawa, kada kuma ka yi rowar tankin ruwa da rumbun yashi (yashin da ke hana ƙafafun jirgi santsi) da wurin gyara, domin jirgin da ya lalace a kan hanya asara yake jawowa a daidai lokacin da abokin hamayya ke ƙara tarago.

Bayan kuɗi sun fara shigowa, sai a koma kan matsayi a taswira, kuma a nan mutumin Kaduna yana da darasi a ƙofar gidansa. Layin da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911, daga baya na gabas da ya biyo ta Inugu da Kafanchan ya zo ya haɗu da shi a Kaduna, yayin da reshen Gusau da Ƙauran Namoda ya rabu daga Zariya. Garin da layuka suka haɗu a cikinsa shi ke cin moriyar kowane ɓangare. Haka abin yake a wasan. Ka duba inda dole kowa ya ratsa, kamar mashigi tsakanin duwatsu ko wuri mafi sauƙin ƙetare kogi, ka riga kowa shimfiɗa layi a wurin. Idan jirgin wani ya bi ta kan layinka, zai biya ka wani kaso na abin da ya samu, idan kuma ya ƙi, sai ya kashe kuɗi mai yawa wajen zagaye. Amma kada zafin gasa ya kai ka gina tasha a garin da wani ya riga ya mamaye don kawai ka ɓata masa rai, domin kayan garin ba su ƙaruwa saboda tashoshi sun zama biyu, kuma mai wasa na uku ne zai amfana da rigimarku.

Kayan masana'antu su ne ribar dogon zango. Auduga ta je masaƙa ta zama kayan sayarwa, kwal da tama su haɗu su zama ƙarfe, ɗanyen mai ya je matata. Wanda ya san yadda audugar Funtuwa da Gusau ta ciyar da masaƙun Kakuri da ke Kaduna zai gane tsarin nan da nan. Ka tsara tafiya yadda jirgi ba zai dawo wayam ba, kuma ka rarraba inda kake kai kaya, domin yawan jibge abu ɗaya a gari ɗaya yana karya farashinsa. Idan jiragenka ne ke ciyar da wata masana'anta har ta fara riba, ka saye ta kafin wani ya lura.

Duk da haka, a ganina inda ake cin wannan wasa ko a faɗi shi ne kasuwar hannun jari, kuma nan ne masu son kallon jirage suna gudu suka fi sakaci. Asusun kamfani daban yake da aljihunka. Kamfanin na iya bunƙasa alhali kai ba ka mallaki komai a cikinsa ba face ɗan kaso kaɗan, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun farko, lokacin da hannun jarin ke da araha, ka zuba albashinka da rabon ribar da kake samu wajen sayen hannun jarin kamfaninka, har ka wuce rabi idan da hali, domin wanda ya riƙe rinjaye ba a iya ƙwace masa kamfani ta hanyar ƙuri'ar masu hannun jari. Kada ka yawaita fitar da sabon hannun jari don neman kuɗin gini, saboda kowace fitarwa tana rage kasonka, tana kuma buɗe wa abokin hamayya ƙofa. Idan ka ga wani yana tara hannun jarin kamfaninka a hankali, ka sa kamfanin ya sayi nasa daga kasuwa, wanda hakan zai ɗaga farashin ya kuma ƙara nauyin abin da ke hannunka.

Sayen hannun jari da bashin dillali shi ne mataki mafi haɗari. Yana ninka riba lokacin bunƙasar tattalin arziki, amma wasan yana juyawa zuwa koma baya da karaya, kuma idan farashi ya faɗi, dillali zai tilasta maka sayarwa, sayarwar kuma ta ƙara karya farashin. Gogaggen abokin karawa yana jiran wannan lokacin ne: ya zubar da hannun jarin kamfaninka da yake riƙe da shi gaba ɗaya, farashi ya ruguje, a tilasta maka sayarwa, shi kuma ya dawo ya kwashe da araha. Saboda haka ka bar tazara mai faɗi tsakanin abin da ka ranta da iyakar da aka ba ka. Haka nan takardun bashin kamfani, waɗanda ake fitarwa dala 500,000 kowace guda: ka karɓe su lokacin da darajar kamfanin ta yi kyau kuma kuɗin ruwa ya sauka, ka zuba su a layin da ka tabbatar zai biya kansa, sannan ka fara biyan masu tsada da zarar ka samu sarari.

Tun da lokaci yana tafiya ga kowa a tare, ka saba wa kanka da zagaye guda a ƙarshen kowace shekarar wasa: ka buɗe rahoton kamfanonin abokan karawa ka ga bashinsu da ribarsu da wanda ke riƙe da hannun jarinsu, ka duba jiragenka da suka tsufa ko suke yawo ba kaya, ka ninka layi inda jirage suka fara tsayawa juna, sannan ka koma kan gini.