Idan tsohon injin yankan itace ya sha mai ya ƙi tashi

Masu aikin katako sun yi ta tambayata wannan. Yawanci jan igiya ne ya yi yawa alhali cok (abin da ke tare iskar da ke shiga injin) yana rufe, sai fetur ya jiƙa fulogi.

1. Kashe makunni.
2. Danna birkin sarƙa.
3. Kwance fulogi. In ka gan shi jiƙe yana warin fetur, to ya sha mai.
4. Goge shi, ka bar shi ya bushe. Kada ka gasa shi da ashana kusa da injin, abin da ke ƙona mutane ke nan.
5. Kifa injin, ramin fulogi na kallon ƙasa.
6. Ja igiya kamar sau 10 don man ya fita. Hattara: makunni a kashe, nesa da wuta.
7. Duba bakin fulogi, tazararsa kamar milimita 0.5 ce a yawancin injunan Stihl da Husqvarna.
8. Kakkaɓe garin katako daga matatar iska.
9. Mayar da fulogi da hannu tukuna, sannan sifana.
10. Kunna makunni.
11. Buɗe cok. A nan aka fi kuskure: in ka sake rufe shi, ka koma gidan jiya.
12. Ajiye injin a ƙasa, ka take hannunsa na baya.
13. Sa totur a rabi, ka ja igiya.
14. Da ya kama, saki totur nan take don kada kuloci ya ƙone, tunda birkin sarƙa na danne. Hayaƙin farko ba komai ba ne.

In ya ci gaba da shan mai, mai yiwuwa allurar kafireta ce ko robarta ta taurare. Kai wa makaniki.