Yadda Ake Sanyaya Intakula a Motar da Ke da Turbo

Turbo tana matse iska ta cusa wa inji, kuma duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, har takan haura digiri 100 a ma'aunin Salshiyos. Iska mai zafi ba ta ɗauke da iskar oksijin da yawa, sannan tana sa mai ya kama da wuta kafin lokacinsa, abin da ke lalata fistan. Aikin intakula, wato na'ura mai kama da lagireto da iskar turbo ke bi ta cikinta kafin ta shiga inji, shi ne ta sauke wannan zafin. To ita ma takan ƙoshi da zafi, musamman a cunkoso, sai ka ji mota ta yi sanyin jiki.

Da farko, auna. Jona na'urar OBD2, wato wadda ke karanta bayanan kwamfutar mota, ka duba zafin iskar da ke shiga inji, ka kwatanta da zafin gari. Ka taka mota sau biyu ko uku a jere, ka lura ko zafin yana saurin sauka. Idan ba ka auna ba, kana harbi ne a duhu.

Na biyu, tsafta. Wanke ƙura da ƙwari daga ramukan intakula da ruwa marar ƙarfi, domin siraran haƙarƙarinta na alminiyam ne, nan da nan suke lanƙwashewa. Idan baƙin mai ya taru a ciki, kwance ta a wanke, a kuma binciki turbo ɗin. Duba tiyo da maɗaurai, kada iska ta riƙa zurarewa.

Na uku, a ganina nan ne aikin yake: ka tilasta wa iskar waje ta ratsa ta ramukan intakula. Iska kamar ruwa take, inda ta ga sauƙi nan take bi. Idan akwai giɓi tsakanin bamba da intakula, ta gefe za ta sulale. Toshe giɓin da roba ko falankin alminiyam. Kada lambar mota ko ƙarin fitilu su tare gaba. Mai intakula a saman inji, irin ta Subaru Impreza WRX, ya tabbatar robar da ke haɗa ta da ƙofar iskar bonet ba ta yage ba, don wannan irin ta fi shan zafin inji in an tsaya. Ƙaramar fanka tana taimaka mata.

Na huɗu, feshin ruwa a jikin intakula. Wasu samfuran Subaru WRX STI da Mitsubishi Lancer Evolution sun fito da shi daga kamfani. Ƙaramin tanki, famfo irin na wankin gilashi, da bakin feshi mai fidda ruwa kamar raɓa sun isa. Ƙafewar ruwan ce ke kwashe zafi, saboda haka kwarara shi asara ce. Yi amfani da tataccen ruwa don kada gishiri ya daskare a jiki.

Idan intakularka irin wadda ruwa ke zagayawa a cikinta yana sanyaya iskar ce, duba famfonta, fitar da iskar da ta maƙale a layin, ko ka ƙara girman ɗan lagiretonta. Masu tseren gajeren zango har ƙanƙara suke zubawa a tanki, amma ba ta daɗewa.

Sayen babbar intakula shi ne na ƙarshe. In ta fi ƙarfin turbo ɗinka, mota za ta riƙa jinkirin amsawa, kuma tana iya tare wa lagireto iska. Bayan kowane gyara, sake aunawa a hanya ɗaya da irin yanayi ɗaya.