Yadda Ake Karanta Nassi a Gaban Ikilisiya

A majami'u da yawa akwai tsofaffin da idonsu ya yi rauni, da waɗanda ba su yi makaranta ba, da yaran da ba su kai karatu ba. Waɗannan duka, abin da ya fito daga bakin mai karatu ranar Lahadi shi ne Littafi Mai Tsarki a wurinsu. A Nehemiya 8:8, da aka karanta Attaura a gaban jama'a, an karanta ta dalla-dalla, an kuma bayyana ma'anarta har mutane suka gane. Aikin da aka ɗora wa mai karatu ke nan.

A nemi nassin wurin fasto tun ranar Alhamis ko Juma'a, a tambaye shi kuma fassarar da zai yi wa'azi da ita. Tsohon juyi na 1932 da na 1979 ba su zo ɗaya ba, har a sunayen littattafai: inda wancan ya ce Matta da Yohanna, wannan Matiyu da Yahaya ya ce. Idan mai karatu ya riƙe ɗaya, mai wa'azi ya riƙe ɗayan, jama'a za su ji kalmomi biyu a kan aya guda.

A gida, a fara karanta surar gaba ɗaya a zuci, domin a san wa ke magana, da wa yake yi. Bayan haka a karanta ayoyin da murya sau uku, a tsaye. Ido yakan wuce wurin da harshe zai sarƙe, sai an furta ake ganewa. A riƙe fensir, a ja ɗan layi duk inda za a shaƙi numfashi. Lambar aya ba wurin tsayawa ba ce. A wasiƙun Bulus jimla ɗaya takan ratsa ayoyi uku ko huɗu, wanda ya tsaya a kowace lamba ya yayyanka zancen.

Babban wurin tuntuɓe shi ne rubutun Hausa ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya kuma nuna dogon wasali. Ɗauki addu'ar Ubangiji, inda ake roƙo Mulkinsa ya zo. In aka furta "ya" gajere, murya ƙasa, roƙo ne. In aka ja shi, murya sama, an ce Mulkin ya riga ya zo, addu'a ta koma labari. Haka abin yake a sa albarkar da ke Littafin Ƙidaya 6:24-26, wadda ake rufe sujada da ita a wurare da yawa. Wasu bugu suna sa 'yar alama a kan wasalin, wasu ba sa sawa, don haka mai karatu ya yi wa kansa alamar. Haruffa masu lanƙwasa ma haka: idan daga waya ko allon bango ake karatu, sau da yawa lanƙwasar takan ɓace, ƙasa ta zama kasa, ɓata ta zama bata. Littafin takarda ya fi aminci, ba ya kuma yin ƙara kamar waya ana tsakiyar karatu.

Tambaya kuwa a karanta ta da muryar tambaya. A Romawa 6:1 Bulus yana tambaya ko za mu ci gaba da zunubi domin alheri ya ƙaru, amsarsa a aya ta biyu ita ce a'a. Wanda ya karanta aya ta farko da murya shimfiɗe ya sa manzo ya umarci ikilisiya da zunubi. A Matiyu 4, Iblis ne ke jawo Zabura 91 a bakinsa. A ɗan dakata bayan "ya ce", don mai sauraro ya san maganar wa ke tafe.

Sunaye irin su Mefiboshet da Nebukadnezzar, a rarraba su gaɓa-gaɓa a gefen shafi. A zaɓi furuci ɗaya, a tsaya a kansa.

A kan bagade, makirufo ya kasance kamar tafin hannu ɗaya daga baki. In ya matso fiye da haka, lasifika za ta riƙa bugun numfashi. A faɗi littafi da sura da aya sau biyu, a jira har ƙarar buɗe shafi ta lafa. Tsoro ne ke sa sauri, kuma majami'a mai rufin kwano tana mayar da amo, kalma ta hau kan kalma. A karanta a hankali fiye da yadda ake hira, kada kuma murya ta faɗi a ƙarshen jimla, domin a nan "ba" ta biyu take, in ta ɓace korewa ta raunana.

Kada a cusa "Haleluya" ko "kun ji ko?" a tsakiyar aya, kada a yi sharhi. Wa'azi na zuwa, kuma mai sauraro ba zai iya raba maganar mai karatu da nassi ba. In an yi kuskure, a koma farkon jimlar a sake ta daidai, ba sai an tsaya ba da haƙuri ba. Da an kai aya ta ƙarshe, a yi shiru kamar na numfashi biyu, sannan a rufe da kalmar da ikilisiyar ta saba, a jira amsar jama'a kafin a sauka.