Darasi na Tara: Idan Gilashin Mota Ya Ƙi Hawa

Wani dattijo a ajinmu na yamma ya zo da ƙorafi. Ya sayi sabon batir a Sabon Gari, an ɗaura masa, mota ta tashi lafiya lau. Amma tun daga ranar gilashin ƙofar direba ya canza hali. Da taɓawa ɗaya yake yi gilashin ya haye da kansa. Yanzu sai ya riƙe maɓallin, da ya saki ya tsaya. Yaron gareji ya leƙa ya ce masa, "Baba, ai injin gilashin ne ya mutu, sai dai a sayo wani." Da aka tashi daga aji muka fita wurin motar. Cikin minti biyu gilashin ya dawo hayyacinsa, ko sifana ba mu taɓa ba. Zan faɗi abin da muka yi, amma sai mun fara sanin abin da ke cikin ƙofar.

Abin da ke cikin ƙofa

Waɗanda suka tuƙa 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a kamfanin Peugeot na Kaduna da ya fara aiki a 1975, sun san ɗan hannun da ake juyawa a zuge gilashi. A motocin yanzu lantarki ke wannan aikin. Wuta tana fitowa daga batir mai ƙarfin bolt 12, ta bi ta fiyus, ta zo maɓalli, ta wuce cikin waya zuwa wani ɗan inji da ke cikin ƙofa. Injin yana juya ƙarfen da gilashi ke zaune a kansa, wanda kanikawa ke kira regileta. Regileta iri biyu ce. Akwai mai kama da almakashi, akwai kuma mai igiyar ƙarfe siririya irin ta birkin keke. Mai igiyar ita ta fi yawa yanzu, ita kuma ta fi saurin tsinkewa.

Saurara kafin ka kwance

A jikin ƙofar direba akwai maɓallin da ke kulle gilasan fasinja saboda yara. Fara da shi. Mutane da yawa sun kai mota gareji alhali gwiwar hannunsu ce ta danne shi.

Idan gilasai huɗu duka suka ɗauke lokaci guda, duba fiyus. Akwatinsa yana ƙarƙashin sitiyari ko cikin bonet, kuma a bayan murfin akwai zanen da ke nuna wurin kowanne. Zare shi ka ɗaga wa haske. In siririn ƙarfen ciki ya rabu, ya ƙone. Kowane fiyus da lambarsa da launinsa: mai 20 rawaya ne, mai 30 kore. Mayar da mai lamba ɗaya da wanda ka cire. Kada ka naɗa waya ko takardar kwalin sigari a madadinsa kamar yadda wasu ke yi. Fiyus an yi shi ne ya ƙone don mota ta tsira. In sabon ya sake ƙonewa nan take, waya ce ke taɓa jikin mota, wannan kuma aikin mai wayarin ne.

In gilashi ɗaya ne, gwada shi daga maɓallin direba, sannan daga maɓallin ƙofar kanta. Ya amsa a ɗaya ya ƙi a ɗaya? To maɓallin ne. Sau da yawa datti ne ko lemon da yara suka zubar.

Ga wata dabara da nake so. Juya makulli har fitilun gaban direba su kama, amma kada ka ta da mota. Kunna fitilar rufin ciki. Danna maɓallin gilashin kana kallon fitilar. In ta ɗan dushe, wuta tana isa ga injin, shi ne ya kasa juyawa. Ci gaba da dannawa, ka bubbuga jikin ƙofar da tafin hannu. In gilashin ya motsa, injin ya tsufa, kwanansa ya ƙare. In fitilar ba ta ko gezau ba, wuta ba ta zuwa. Buɗe ƙofar sosai, ka duba robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Wayoyi ta cikinta suke bi, kuma buɗewa da rufewa na shekaru yana karya su.

Idan kuwa kana jin injin yana kuka amma gilashi bai motsa ba, ko ka ji ƙaras-ƙaras kamar ana tauna aya, ko gilashin ya faɗa cikin ƙofa gaba ɗaya, regileta ce ta lalace.

Ƙurar hunturu

A Zariya wannan ita ce babbar cutar gilashi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura tana shiga kwarmin robar da gilashi ke bi. Mai bin hanyoyin bayan Samaru ko lungunan cikin Birni ya san yadda mota ke komawa ja kafin la'asar. Ƙurar tana daskarewa, robar ta bushe da rana, gilashi ya riƙa hawa yana nishi. Injin yana shan wahala a banza har ya ƙone.

Sauke gilashin ƙasa. Samo tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu, ka goge cikin kwarmin robar daga sama har ƙasa, gefe da gefe. Za ka ga baƙin laka yana fita. Naɗa tsumma a ɗan tsinke ka tsane. Idan ya bushe, fesa man silikon, ana samunsa a gwangwani wurin masu kayan mota. Ɗaga ka sauke sau uku ko huɗu. Kada ka sa baƙin mai ko giris ko man gyaɗa. Ranar farko za ka ji daɗi, bayan mako biyu sun kama ƙura sun zama ƙullu, baƙin mai kuma yana cinye roba.

Buɗe ƙofa

Sai duk waɗannan sun gaza za ka buɗe. Kana buƙatar sukudireba, sifana mai lamba 10, da salatif mai faɗi. Cire kan batir mai alamar ragi tukuna. Nemo sukurorin da ke ɓoye a bayan hannun ƙofa da cikin maɗorin hannu. Sauran murfin cikin ƙofar, ƙananan maƙalai na roba ke riƙe da shi. Fara ɓamɓarowa daga ƙasa a hankali, sannan ka ɗaga shi sama. A bayansa akwai leda. Yaye ta ba tare da ka yaga ba, domin ita ke tare ruwan damina.

Kwance notunan da ke riƙe gilashi, ka tura shi sama da hannu, ka liƙe shi da salatif ta saman ƙofa. Gilashin gefe ba ya tsagewa, tarwatsewa yake yi kamar tsakuwa. Abu biyu kuma ka kiyaye. Soket mai launin rawaya na jakar iska ne, wadda ke kumbura ta kare mutum lokacin hatsari, kada ka taɓa shi. Regileta mai almakashi kuma tana da sifirin mai ƙarfi. In ka raba ta da injin ba ka tokare ta ba, tana iya datse yatsa.

Ɗauki tsohon kayan ka tafi da shi kasuwa. Na dama daban, na hagu daban, na gaba daban da na baya. In na Beljiyom za ka saya, ce a gwada maka a gabanka. Inji mai waya biyu in aka jona shi da batir zai juya, in aka musanya wayoyin ya juya ta baya.

Koya wa gilashi iyakarsa

Mu koma ga dattijonmu. Gilashin da ke hawa da taɓawa ɗaya yana da 'yar ƙwaƙwalwa. Tana ƙirga juyin injin, ta haka ta san ina ne sama, ina ne ƙasa. A motoci da yawa, in aka cire batir ko ya mutu ko aka canza inji, sai ta mance. Ba abin da ya lalace.

Zauna a ciki, rufe ƙofa, juya makulli fitilun gaban direba su kama. Danna maɓallin ƙasa ka riƙe har gilashi ya sauka ƙurmus, kada ka saki, ƙirga ɗaya zuwa biyar. Ja maɓallin sama ka riƙe har ya rufe ruf, ka sake ƙirga biyar kafin ka saki. Yanzu gwada taɓawa ɗaya. In bai kama ba, maimaita. Kowace ƙofa mai irin wannan gilashin daga nata maɓallin za ka koya mata. Wasu motocin Peugeot kaɗan-kaɗan gilashin zai riƙa hawa yana tsayawa. Ka yi ta jan maɓallin har ya rufe, sannan ka riƙe. Littafin da ke zuwa da mota yana da tsarin da ya dace da ita.

Gilashin da ke kai ƙarshe ya dawo ƙasa, ji yake kamar ya matse hannun yaro, don an yi shi ya ja baya in ya ci karo da wani abu. Robar da ta cushe da ƙura tana ruɗa shi haka. Saboda haka wanke roba tukuna, sannan ka koya masa. Bayan ka gama, nannaɗe tsohuwar jarida ka sa a bakin taga, ka taɓa maɓallin. Ya kamata ya taɓa jaridar ya koma ƙasa. Da jarida ake wannan gwajin, ba da hannu ba.

Aikin gida

Buɗe akwatin fiyus na motarka ko ta maƙwabcinka, da izininsa. Rubuta lamba da launin fiyus biyar a littafinka. A ƙasa ka rubuta jimla uku kan abin da za ka fara dubawa in gilashin baya kaɗai ya ƙi sauka. Za mu karanta su a aji ranar Laraba.