Darasi na Tara: Ɗora Kamfani a kan Manhajar ERP

A kamfanin sayar da taki da iri a Sabon Gari, mai sito yana da littafinsa, kashiya tana da nata, akawu ma da nasa. Ƙarshen wata lissafi ya ƙi haɗuwa. Manhajar ERP ita ke tara waɗannan littattafai wuri guda: in an sayar da buhu biyar, nan take za su ragu a sito, kuɗinsu ya hau lissafi. Manyan manhajojin ERP irin su SAP ta Jamus da Oracle ta Amurka sun fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa. Shi kam, manhajojin Odoo ko ERPNext sun ishe shi, don akwai nau'insu na kyauta, sai dai mai ɗorawa da mai koyarwa kam sai an biya su.

Aikin gaske yana gaban kunna kwamfuta. A fara da sunayen kaya. In wani ya rubuta "yuriya", wani "farin taki", manhaja za ta ɗauke su kaya biyu daban. Kowane kaya a ba shi suna ɗaya da lamba ɗaya. Haka ma awo: buhun taki kilo 50 ne, amma in ana sayar da iri da tiya, sai an tsayar da kilo nawa ke cikin tiya. Sannan a rufe sito yini guda, a ƙirga komai buhu-buhu, a tantance masu bashi da abin da ake bin kowannensu. Abin da ido ya gani za a shigar, ba abin da tsohon littafi ya ce ba.

Kada a fara a Yuni ko Yuli, lokacin da manoma ke layin taki. A bari sai rani. Wata guda a riƙa rubutawa a littafi da kwamfuta tare, kowace yamma a gwama su. A tanadi sola da batir, a kuma kwafe bayanai kullum kafin a tashi.

Kowa da lambar sirrinsa. In aka yi aro, ba a gane wanda ya yi kuskure. Abin da ya fi kashe wannan tsari kuwa shi ne maigida. Ya ce a ba ƙanensa buhu goma, "a rubuta daga baya", kuma ba mai iya yi masa musu. Daga ranar lissafin sito ya karkace.

Aikin gida: ku rubuta kaya goma na wurin aikinku, kowanne da sunansa, lambarsa da awonsa.